Hannun Nafiou na Dama

Nafiou ya shekara tara a Dubai, kuma ba kiɗa ne ya kawo shi ba. Wani kamfanin jigilar kaya ne a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali ya ɗauke shi saboda Faransancinsa, ya ba shi tebur a ofishin da ke jingine da sito, inda yake cike takardun kwantenonin da ke tafiya Kwatano da Lome da Abijan. Mutumin Damagaram ne, dogo, mai ƙarancin magana, shekararsa arba'in da ɗaya. Matarsa Safiatou da 'ya'yansu mata biyu suna Yamai, shi kuma yana unguwar Karama a ɗaki ɗaya da abokinsa Chamsou mai sayar da wayoyi a Deira. Abokan aikinsa sun san shi da abu guda: faratan hannunsa na dama dogaye ne, a goge sumul, kuma ba ya ɓarke kwali da wannan hannun ko da ana sauri.

Faratan na jita ne. Duk Asabar da Lahadi, daga ƙarfe uku zuwa shida na yamma, yakan sa baƙar kwat ya zauna a kusurwar ɗakin shan shayi na wani otal a Al Rigga, ya ɗora ƙafar hagu a kan ɗan matakin ƙarfe, ya yi kiɗa. Ba irin jitar lantarkin nan ba ce ta mutanen Agadas da ake ji a gidan biki. Tasa ta katako ce zalla, da farce ake taɓa tsirkiyoyinta shida, kiɗan kuma a rubuce yake a takarda, wani ma an tsara shi tun shekara ɗari uku da suka wuce. A Yamai ya koya tun yana ɗan lise, wato sakandare, a hannun Malam Ɗalhatu, wanda ya yi karatun kiɗa a Turai ya dawo gida yana koyarwa a wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya. Malam yana da doka: ɗalibi ba ya fara sabon kiɗa sai ya san wanda ya tsara shi, da garin da yake zaune, da abin da ke cin ransa a lokacin. Wani lokaci darasin awa guda yakan ƙare ba a taɓa tsirkiya ba, Malam na ta ba da labari, hannuwansa a cikin aljihu.

A otal babu mai sauraro. Cokula na bugun kofuna, 'yan kasuwa na ciniki a waya, yara na kewaya tebur. Mutum ɗaya ce ke ji, Hajiya Hawawu, 'yar Zangon Kumasi, wadda ke kula da masu kai shayi. Ta girme shi da kusan shekara goma. Idan ya ajiye jita don hutun minti goma, takan kawo masa ruwan ɗumi da lemon tsami ta tsaya a kansa.

"Malam Nafiou, wannan na ƙarshen fa? Mai tafiya a hankali kamar ana raka gawa."

"Ai gawar ake rakawa, Hajiya. Wani makaɗin fada ne ya tsara wa maigidansa bayan ya rasu. Kin ji yadda sautin ke sauka ƙasa a ƙarshe? Saukar da shi kabari ke nan."

"Ei, shi ya sa. Ni kam na ce wannan ba na shan shayi ba ne."

A watan Satumba wata mata ta zauna kusa da kusurwarsa ita kaɗai, shayinta ya huce ba ta sha ba. Da ya tashi sai ta ba shi katinta. Madam Wasila sunanta, 'yar Labanon, tana shirya tarukan kiɗa a wani ƙaramin zaure mai kujera tamanin. Ta ce ta ji yana ba Hawawu labarin kiɗan, kuma abin da take so ke nan: ya zo a watan Disamba, shi kaɗai a kan dandamali, ya faɗi asalin kowane kiɗa sannan ya kaɗa shi. Babu shayi, babu cokali, mutane za su zauna su yi shiru.

Nafiou ya shiga jirgin ƙasa na metro a Al Rigga ya wuce tasharsa har biyu bai sani ba. Shekara ashirin da biyar yana kiɗa, ba a taɓa kashe fitila a yi shiru dominsa ba.

Ya zaɓi kiɗa bakwai. Akwai na makokin nan, akwai wata rawa ta 'yan dakon tashar jiragen ruwa daga Amurka ta Kudu wadda kullum ke tuna masa da Jebel Ali. Na rufewa kuwa bai yi shawara da kowa ba, ya san shi. Ɗaliban Malam Ɗalhatu suna kiransa Ruwan Kwano. In ji Malam, wani ɗan Sifaniya ne da yaƙi ya kora daga ƙasarsa ya tsara shi a ɗakin haya a ƙasar wasu, yana tuna yadda ruwan sama ke sauka a rufin gidan mahaifiyarsa. Wahalarsa duk a hannun dama take. Babban yatsa ya bugi tsirkiya mai kauri, sai na zobe da na tsakiya da manuni su bi juna a kan siririyar tsirkiya guda, da sauri, ba tsayawa, har kunne ya daina rarrabe bugun ya ji kamar yayyafi ne a kan kwano. Minti biyar ake yi a haka.

Ya iya shi tun yana saurayi, amma yanzu so yake kada ɗigo ɗaya ya fi wani ƙarfi. Bayan sallar asuba yakan hau matakalar bene da jitarsa, ya cusa safa a ƙarƙashin tsirkiyoyi don kada ya tashi maƙwabta, ya yi awa biyu kafin motar kamfani ta zo. Lokacin cin abincin rana yana bugun yatsu a gefen tebur. Da ya dawo aiki sai ya ƙara awa biyu. Chamsou har tsokanarsa yake yi, wai in ya yi suna kada ya manta da wanda ya jure masa.

A mako na biyar ne yayyafin ya fara ɗingishi. Ɗigo ɗaya cikin huɗu yana makara. Nafiou ya dubi hannunsa ya ga yatsan tsakiya, bayan ya bugi tsirkiya, ba ya dawowa wurinsa, yana lanƙwashewa cikin tafin hannu ya maƙale kamar an ja shi da zare. Ya girgiza hannun, ya sake. Bugu goma lafiya, na sha ɗaya yatsan ya shige ciki.

Ya ɗauka gajiya ce, ya huta kwana biyu. Da ya dawo abin na nan. Sai ya ɗauka rashin horo ne, ya ƙara awa guda. Kafin ƙarshen makon yatsan ya fara lanƙwashewa tun a bugu na uku.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne babu ciwo. Yana riƙe biro, yana danna kwamfuta, yana ɓalle maɓallin riga, yana cin tuwo, yatsan na aiki kamar na kowa. Sai ya ɗora hannu a kan jita kawai yake ƙin jin magana.

Chamsou ya kama hannun ya jujjuya shi a gaban taga.

"Abokina, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Yatsan da ke cin shinkafa amma ba ya kiɗa? Baki ne. Ka faɗa wa mutane da yawa zancen taron nan."

"Mutum huɗu na faɗa wa, har da kai."

"Bon, huɗun ma sun isa."

Ya kai shi wurin wani malami ɗan Maraɗi a Deira, aka yi masa tofi a hannu, aka ba shi addu'o'in safe da yamma. Nafiou ya riƙe su da gaske. Safiatou ta aiko da man shafawa ta hannun wata 'yar kasuwa mai zuwa sarin atamfa, ta ce tsohuwarta ce ta haɗa, a shafa a naɗe da tsumma mai ɗumi. Ya shafa. Ya jiƙa hannun a ruwan zafi, ya jiƙa a ruwan ƙanƙara. Ya ɗaure yatsan da roba, ya rage farcen, ya canza zaman jitar a cinyarsa. Kowace dabara takan yi kamar ta yi aiki na rabin awa, zuciyarsa ta buɗe, sannan yatsan ya gane ta ya koma halinsa.

A ƙarshen Oktoba ya je asibiti. Likitan farko ya ɗauki hoton hannun bai ga komai ba, ya tura shi wurin wata likitar jijiyoyi, ita kuma ta ce ya dawo da jitarsa. Ya zauna a kan kujerar marasa lafiya ya fara Ruwan Kwano, tana durƙushe tana kallon hannun. Ba ta bari ya yi nisa ba.

Ta ce masa hannunsa lafiya lau yake, ƙashi da jijiya da nama duk babu abin da ya same su. A ƙwaƙwalwa matsalar take. Yatsun sun daɗe suna gudu tare, dubban sau a rana, har wurin da ke ba su umarni ya daina bambance wannan da wancan. Takan sami makaɗa, musamman masu ƙwazo.

"To in na ƙara horo fa, Dakta?"

"Maimaitawa ce ta kawo shi, ita ce kuma ke ƙara shi. Duk awar da ka ƙara a watan nan, koya masa kuskuren ka yi."

Ya tambayi magani. Ta ce akwai allurar da ke kashe ƙarfin yatsan na 'yan watanni, wasu tana taimaka musu, wasu kuma ta hana su kiɗan gaba ɗaya. Akwai kuma sake koya wa hannun daga farko, a hankali, shekara biyu ko uku ko fiye. Wasu suna dawowa. Da yawa ba sa dawowa yadda suke.

"Ina da taro ranar sha huɗu ga Disamba."

Ta dube shi, ta mayar da murfin bironta. "Ba ni da abin da zan ba ka na Disamba."

Ranar Juma'a da yamma ya kira Malam Ɗalhatu ta bidiyo. Malam ya haura saba'in da biyar, ya daina koyarwa, yana zaune a tsakar gida a Yamai da waya dab da fuskarsa. Bayan gaisuwa Nafiou ya jingina wayarsa da kofi, ya ce yana so Malam ya duba masa wani abu. Ya kaɗa layi biyu. Yatsan ya naɗe.

"Sake," in ji Malam.

Ya sake. Yatsan ya ƙara naɗewa. Can sai tsohon ya ja wayar baya, ya ɗaga nasa hannun na dama ya buɗe shi. Hannun tsoho ne kawai, babu abin gani.

"Nawa na zobe ne. Shekarata talatin da biyu lokacin, saura wata huɗu in gama karatu. Nafiou, shekara nawa ka yi a ɗakina?"

"Shida, Malam."

"Ka taɓa jin na kaɗa muku kiɗa daga farko har ƙarshe?"

Nafiou ya nemi rana ɗaya a cikin shekara shidan nan bai samu ba. Malam yakan karɓi jita ya nuna wuri da babban yatsa da manuni, sauti uku ko huɗu, ya mayar. Su kuma sun ɗauka girma ne, irin na wanda ya wuce nuna kansa a gaban yara.

"Me ya sa ba ku faɗa mana ba, Malam?"

"In faɗa muku ku yi yaya? Ban san ta inda ya shigo ba, balle in ce ku tsare ƙofar. Wasu sun fi ni horo bai taɓa su ba."

"To ku me kuka yi?"

"Duk abin da kake yi yanzu. Likitocin can, malaman nan, har wurin masu ɗori na je. Shekara bakwai. Sai na bari." Ya gyara hularsa. "Ɗana, na so a ce ina da abin da zan ba ka. Kai ne ka fi kowa hannu a cikin waɗanda na koyar."

Suka yi sallama. Nafiou ya zauna a bakin gado da jita a cinya har aka kira magariba.

Washegari ya je ofishin Madam Wasila da niyyar janyewa. Ta nuna masa takardar shirin da aka riga aka buga, da hotonsa da sunansa da jerin kiɗa bakwai, ta ce fiye da rabin kujerun an kama. Ya faɗa mata gaskiya, har ya nuna mata. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma ita a ganinta ba sai an fasa ba.

"Habibi, kaɗa waɗanda za ka iya, ka bar na ƙarshen. Mutane labarin ma suke so."

Bai iya ce mata a'a ba. Makonni shida da suka rage ya yi su yana sake rabon aikin yatsu a kiɗa shida, yana goge alamomin da Malam ya sa masa da fensir tun yana yaro, yana ba babban yatsa da manuni aikin da yatsu huɗu ke yi. Wuraren gudu ya rage musu gudu. Wasu sautukan ya zubar da su gaba ɗaya, yana roƙon gafarar matattun da suka rubuta su. Ruwan Kwano kuwa ba ya kaɗuwa da yatsa biyu, ya cire takardarsa ya sa a ƙasan akwati.

Ranar taron, ƙarfe biyar na yamma, mutum sittin da wani abu suka zo. Chamsou ya rufe shago ya taho da 'yan Nijar biyar cikin shadda, suka cika jerin kujeru na biyu. Hajiya Hawawu ta yi musayar aiki da wata, ta zo da leshi da ɗaurin kallabi mai tsayi har na bayanta na leƙe. Aka rage fitila. Shirun da Nafiou ya daɗe yana so ya sauka, ya ji har numfashin mutane.

Ya fara da labarin makaɗin fada da maigidansa, cikin Turancinsa mai gauraye da Faransanci, sannan ya kaɗa. Ya tafi lafiya. Na biyu ma haka. A rawar 'yan dako ya ce musu shi ma a tashar jiragen ruwa yake aiki, kuma ya san dalilin da kiɗan ke da nauyi a bugun farko, haka mutum ke taka ƙasa in da kaya a kafaɗarsa. Aka yi dariya, aka tafa sosai. Yatsan tsakiya yana naɗe a tafinsa, amma ba a buƙatarsa, babu wanda ya lura. Kafin ya gama na shida hannunsa ya yi ɗumi, jikinsa ya saki, irin sakin da rabonsa da shi tun Satumba.

Ya kamata a nan ya miƙe ya yi godiya. Sai ya ga mutane suna duba takardar shirin, suna gyara zama don na bakwai. Ya ce a ransa bari ya ba su labarin kawai, ya ba da haƙuri. Ya faɗi ɗan Sifaniyan da ɗakin hayarsa da rufin gidan mahaifiyarsa. Ya ce a garinsu ma haka ruwan farko ke sauka a kan kwano, har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. A jeri na biyu wani ya yi gyaran murya. Zauren cike yake da mutanen da suka baro gida, kuma duk suna kallonsa suna jira. Nafiou ya motsa yatsan a ɓoye, ya ji ya miƙe sarai, mara nauyi. Ya ce a ransa ko yau ne Allah zai sake shi. Ya ɗora hannu.

Layin farko ya fito kamar yadda yake fitowa shekara ashirin. Layi na biyu ma. Ya ji yayyafin ya cika zauren. A tsakiyar layi na uku ɗigo ɗaya ya makara, sai wani, sai yatsan ya shige tafin hannu ya ja na zobe tare da shi. Babban yatsa ya ci gaba da bugunsa shi kaɗai sau huɗu, sannan shi ma ya tsaya.

Babu wanda ya motsa. Nafiou ya sa hannun hagu ya buɗe yatsan a gaban kowa, ya ce a yi haƙuri, ya koma farko. Wannan karon ko layi ɗaya bai kai ba. Ya sake na uku, a hankali, kamar ɗan koyo, farce ya karce tsirkiya ya ba da wani sauti mara daɗi. Ya zauna yana kallon hannun a kan cinyarsa. Yana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ya san ya kamata ya ce wani abu, Turancin ya ɓace masa, Faransancin ma.

Madam Wasila ce ta fara tafi daga baya, sauran suka bi, wasu har suka miƙe. Tafin ya daɗe, mai taushi, irin wanda ake yi wa mara lafiya da ya taka ƙafarsa. Ya rusuna ya fita da jitar a hannu.

A ɗan ɗakin baya Chamsou ya shigo yana cewa shidan nan sun isa, wallahi ko a rediyo bai taɓa jin irinsu ba. Wani Bature ya leƙo ya ba shi sunan wani likita a ƙasarsu. Hawawu ta jira duk suka fita, ta zauna a kujerar da ke gefensa, ta buɗe robar ruwa ta miƙa masa.

"Kafra, Malam Nafiou. Sannu."

"Na san ba zai yiwu ba, Hajiya. Likita ta faɗa, malamina ya faɗa. Ni na kai kaina."

"Na ji ruwan dai. Kaɗan ne, amma na ji."

Ya sha ruwan. Ta taya shi rufe akwatin jitar, suka fito tare har tashar metro.

Ya ci gaba da zuwa otal da yatsa biyu har ƙarshen Janairu. A can babu mai bambancewa. Amma manuni, da aikin ya yi masa yawa, ya fara miƙewa waje yana sandarewa, likitar kuma ta ce in bai tsaya ba shi ma zai bi ɗan'uwansa. Ya faɗa wa manaja. Mako na gaba aka ɗauke kujerarsa aka ajiye tukunyar fure a kusurwar, kiɗa ya koma fitowa daga silin.

Chamsou ya ɗauki taron duka a wayarsa. Da 'ya'yansa mata suka matsa suna son ganin Baba a dandamali, Nafiou ya sa aka yanke bidiyon daga ƙarshen kiɗa na shida aka tura. Safiatou ta kira ta ce sun kalla har sau uku, maƙwabta ma sun shigo. Ta san sauran labarin, Chamsou ya faɗa mata, amma ba ta ɗauko shi ba. Ta dai tambaya ko zai zo hutu da damina. Ya ce in sha Allahu, in kamfani ya sake shi.

Likitar ta haɗa shi da wani mai gyaran motsin hannu, wanda ya ba shi aiki guda: kullum da safe minti ashirin, yatsan tsakiya kaɗai, tsirkiya ɗaya, bugu ɗaya, a hankali kamar mai taɓa abin da ke barci. In ya dawo wurinsa, a jira a sake. In ya lanƙwashe, a ajiye jita sai gobe. An hana shi kiɗa ko na minti ɗaya bayan wannan. Ya tambayi mutumin yaushe za a san ko yana aiki, ya ce masa su sake magana bayan shekara.

Yana rubuta sakamakon a bayan wata tsohuwar takardar kwantena da ya manna a jikin ƙofa. Ranar Litinin yatsan ya dawo sau huɗu. Talata sau shida, har ya kusa kiran Malam, ya fasa. Laraba ya naɗe tun a bugun farko, minti ashirin ɗin ko ɗaya bai cika ba. Nafiou ya mayar da jitar akwati, ya rubuta sifili, ya sa takalmi. Da sauran kusan rabin awa kafin motar Jebel Ali ta iso, ya sauka ya tsaya a bakin titi yana jiranta.